Motsi a Wurin Wa? Tarihin Wata Tambaya a kan Lantarki da Maganaɗisu



Tambayar da zan yi magana a kanta gajeriya ce, amma masana sun shafe shekara 85 kafin su warware ta. An tabbatar cewa ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, in tana tsaye, ba ta karkata allurar kamfas. In kuwa ta yi motsi, sai maganaɗisu ya bayyana kewaye da ita. To, motsi a wurin wa? Mutumin da ke tsaye a bakin hanya a Araba, cikin ƙasar Illela, in motar albasa ta wuce shi ta nufi Birnin Ƙonni, cewa zai yi buhunan nan gudu suke yi. Yaron motar da ke zaune bisa buhunan kuwa cewa zai yi ko gizau ba su yi ba, gidajen Araba ne ke komawa baya. Da a ce abin da ke cikin buhunan cajin lantarki ne, na bakin hanya zai auna maganaɗisu, yaron mota kuwa ba zai sami kome ba sai lantarki tsantsa. Wane ne mai gaskiya? Yaya abu zai kasance akwai shi a wurin wani, babu shi a wurin wani, alhali mota ɗaya ce, kaya ɗaya ne?

Kafin mu shiga tarihi bari mu daidaita kalmomi uku. Caji iri biyu ne, na tarawa da na ɗebewa; iri ɗaya suna turin juna, mabambanta suna jan juna. Sararin da ke kewaye da caji ko maganaɗisu, inda ake jin ƙarfinsa, shi zan riƙa kira fage: fagen lantarki da fagen maganaɗisu. Wurin da mai aune yake, tare da ma'auninsa na tsawo da agogonsa, ko yana tafiya ko yana tsaye, shi zan kira mazauni. Bakin hanya mazauni ne, bisan buhu ma mazauni ne.

Mutanen da sun san abu biyu, ba su kuwa haɗa su ba. Na ɗaya shi ne wani daskararren ƙaro wanda in an goga shi yakan ɗauki tsinke. Yunanawa suka kira shi elektaron, daga nan sunan lantarki ya samo asali a harsunan Turai. Farisawa suka kira shi kahruba, watau mai fizgar ciyawa, daga nan Larabawa suka sami kahraba. Na biyu shi ne dutsen da ke jan ƙarfe, mayen ƙarfe. Wani masanin ƙasar Sin, Shen Kuo, ya bayyana allurar da aka goga wa wannan dutse a 1088. A ƙarshen ƙarni na 13 Sarkin Yaman al-Ashraf Umar ya rubuta yadda ake amfani da irin wannan allura wajen neman alƙibla. A 1600 William Gilbert, likita a Landan, ya nuna cewa duniyar kanta wani ƙaton maganaɗisu ce, ya kuma dage cewa jan ƙaro daban, jan dutse daban. Haka aka tafi har shekara 220.

A watan Maris na 1824 wani Bature, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin tsarabar da ya miƙa akwai kamfas, ya kuma ba da labarin cewa Sarkin ya ji daɗi ƙwarai da aka nuna masa da shi mutum zai iya gane gabas a kowane lokaci domin salla. Na kawo wannan ne don ku sami turken da za ku ɗaure shekaru a jikinsa. Lokacin da kamfas ɗin nan ya shiga fadar Sakkwato, shekara huɗu ke nan da wani ɗan'uwansa ya rushe koyarwar Gilbert a Kopanhagin ta ƙasar Danmak.

Hans Christian Oersted ne ya yi wannan. Batir sabon abu ne a lokacin, domin Alessandro Volta na Italiya ya ƙirƙiro shi a 1800. A 1820 Oersted ya haɗa waya da batir kusa da kamfas, sai allura ta juya. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne inda ta juya. Ba ta fuskanci waya ba, ba ta kuma ba ta baya ba, gicciye ta yi. In an mai da kamfas daga ƙarƙashin waya zuwa bisanta, sai allura ta gitta ta ɗaya hannun. Ƙarfin yana zagaya waya ne kamar yadda zobe ke zagaya yatsa. Ya buga sakamakon cikin 'yar takarda da Latin a watan Yuli. Labari ya isa Faris a watan Satumba, kafin 'yan makonni André-Marie Ampère ya nuna cewa ba a ma bukatar kamfas: wayoyi biyu da lantarki ke gudana cikinsu ta fuska ɗaya suna jan juna, in fuskokin sun saɓa suna turin juna. Ampère ya yanke cewa duk wani maganaɗisu, har na dutse, gudanar lantarki ce.

Michael Faraday, ɗan maƙeri ne wanda ya fara da koyon ɗinkin littattafai, bai kuwa yi zurfi a lissafi ba. Shi ya juya tambayar. In lantarki mai gudu yana haifar da maganaɗisu, ko maganaɗisu zai haifar da lantarki? A 1831 ya sami amsa. In ka naɗe waya kamar gammo, ka ajiye maganaɗisu a cikinta, ba abin da zai faru. In ka cusa shi, ko ka zare shi, sai lantarki ya gudana muddin ana motsin. In kuma ka bar maganaɗisu a tsaye ka motsa gammon, haka nan dai lantarkin zai gudana. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne gindin maganarmu. Kowane bakaniken babur ya san kashi na farko, domin a injin babur maganaɗisu ne ke juyawa kewaye da naɗaɗɗiyar waya da ke tsaye. Kashi na biyu yana cikin yawancin makirufon da ake riƙewa a hannu wurin taro: maganaɗisu na tsaye, murya ke kaɗa 'yar naɗaɗɗiyar waya. Faraday ne kuma ya koya mana tunanin fage, bayan ya duba yadda garin ƙarfe ke jeruwa layi layi kewaye da maganaɗisu.

James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, ya mai da tunanin Faraday lissafi tsakanin 1861 da 1865, ya tattara shi cikin babban littafinsa a 1873. Daga lissafin sai wani abu ya fito wanda ba a nema ba: fagen lantarki da na maganaɗisu suna iya haifar da juna su yi tafiya kamar igiyar ruwa, gudunsu kuwa kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, daidai da gudun haske. Heinrich Hertz ya samar da irin waɗannan igiyoyi a Jamus a 1887 da 1888. Su ne rediyonmu ke kamawa. Nasara ce babba, amma ta zo da ƙaya. Kilomita 300,000 a daƙiƙa a wurin wa? Tun 1632 Galileo ya nuna cewa wanda ke cikin ɗakin jirgin ruwa mai tafiya sumul, in bai leƙa waje ba, ba gwajin da zai gaya masa ko jirgi na tafiya ko yana tsaye. Ga shi yanzu an sami doka mai ɗauke da gudu ƙayyadadde. Sai masana suka ce lalle akwai wani abu marar nauyi da ya cika sararin duniya, suka kira shi etar, wai shi ne tsayayye na ainihi, duk wani gudu da ke cikin lissafin Maxwell a kansa ake auna shi. Watau a ganinsu akwai bakin hanya guda ɗaya na gaskiya, sauran duka 'yan bisa buhu ne.

Akwai kuma wani giɓi. Oersted da Ampère da waya suka yi aiki, ba wanda ya san abin da ke gudana cikinta. Shin in ka ɗauki caji da hannu, ka tafi da shi, zai karkata allura kamar yadda waya ke yi? Wani saurayi Ba'amurke, Henry Rowland, ya gwada wannan a 1876 a ɗakin binciken Helmholtz a Barlin. Ya sa wa wani faifai caji, ya juya shi da gudu ƙwarai, ya rataye allura mai saurin ji kusa da shi. Allura ta karkata, kaɗan ƙwarai, amma ta karkata, in aka sake irin cajin sai ta karkata ta ɗaya gefen. Gwajin yana da wuya har ya sa rigima ta tashi daga baya. Wajen 1900 Victor Crémieu ya maimaita shi a Faris ya ce bai ga kome ba. Harold Pender a Amurka ya maimaita ya ce ya gani. Maimakon su yi ta jifan juna a mujallu, sai suka haɗu a Faris a 1903, suka yi aikin tare, suka tarar Rowland ke da gaskiya. Ina so ɗalibanmu su san wannan labari, don ya nuna yadda ake kashe gardama a kimiyya. Kafin nan kuma, a 1897, J. J. Thomson ya gano elektaron a Kambirij, aka san cewa abin da ke gudana cikin waya ƙwayoyi ne masu cajin ɗebewa.

Oliver Heaviside, wanda ya fara da aikin tangaraho ya kuma koyi lissafi da kansa, ya lissafa a 1888 yadda fagen caji mai gudu yake. Ya tarar fagen lantarkin, wanda yake a mulmule in caji na tsaye, yana matsewa ta gaba da baya in gudu ya yi yawa, kamar an danna curin fura tsakanin tafuka. Shekara guda kafin wannan, Albert Michelson da Edward Morley sun yi ƙoƙarin auna gudun duniya cikin etar ta hanyar haske, a birnin Kilibilan na Amurka. Duniya tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, na'urarsu kuwa ta isa ta gane haka, amma ba su ga abin da suka zata ba. George FitzGerald na Dabilin ya haɗa biyun a 1889, ya ce in fage na matsewa, kuma fage ne ke riƙe da ƙwayoyin kowane abu, to, watakila ma'aunin ma yana gajarcewa ta fuskar tafiyarsa, shi ya sa ba a gane kome ba. Hendrik Lorentz na Holan ya zo da wannan ra'ayi da kansa a 1892.

Gwajin da ya fi shafar tambayarmu kai tsaye shi ne na Frederick Trouton da H. R. Noble a Landan a 1903, shekarar da Turawa suka shiga Sakkwato. Hujjarsu mai sauƙi ce. In etar gaskiya ne, to, duk cajin da ke bisa tebur gudu yake yi, tun da duniya na ɗauke da shi. Ke nan yana da maganaɗisu, ko da mu muna ganinsa tsaye. Suka rataye faranti biyu masu kishiyoyin caji da siririn zare, suna jira maganaɗisun nan na ɓoye ya murɗa su. Ba su murɗa ba.

Lorentz ya ci gaba da gyaran lissafi, a 1895 da 1904, har ya sami ƙa'idodin da ke mai da awon wani mazauni zuwa na wani. Cikinsu dole ta sa ya shigar da wani lokaci dabam ga mai tafiya, amma ya ɗauke shi dabarar lissafi kawai. Lokaci na gaskiya a wurinsa shi ne na etar. Henri Poincaré na Faransa ya kammala ƙa'idodin a 1905, ya sa musu sunan Lorentz, sunan da suke amsawa har yau. Saboda haka wanda ya ce Einstein daga sama ya faɗo bai yi wa tarihi adalci ba. Lissafin yana nan kafin ya zo. Abin da ya rage shi ne a faɗi ma'anarsa.

Albert Einstein yana da shekara 26 a 1905, ma'aikacin gwamnati ne a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Ban a Suwizalan. Ma'aikatanmu su lura. Mahaifinsa da baffansa sun taɓa yin kamfanin ƙera injinan lantarki a Jamus, don haka naɗaɗɗiyar waya da maganaɗisu ba baƙinsa ba ne. Takardar da ya aika a ƙarshen watan Yuni, wadda aka buga a Satumba, a kan lantarkin abubuwa masu motsi take, kuma da gwajin Faraday ta fara. Ga abin da ya dame shi. In maganaɗisu ya motsa, waya na tsaye, littattafai suna cewa fagen lantarki ya tashi ya tura caji. In waya ta motsa, maganaɗisu na tsaye, littattafan nan suna cewa babu fagen lantarki ko kaɗan, maganaɗisu ne ya tura caji mai tafiya. Bayani biyu mabambanta, amma allurar ma'auni wuri ɗaya take tsayawa, muddin gudun da ke tsakaninsu ɗaya ne. Wasu sun ga wannan shekara da shekaru suka wuce, tun da amsa tana fita daidai. Shi ya ce in sakamako bai san wanda ke motsi ba, bai kamata bayani ya sani ba.

Ya ɗora ginin a kan harsashi biyu. Na ɗaya, dokokin halitta iri ɗaya ne a duk mazaunin da ke tafiya sumul, ba a ware lantarki da haske ba. Na biyu, gudun haske a sarari ɗaya ne ga kowa, ko da mafitar hasken tafiya take yi. Daga nan ƙa'idodin Lorentz suka fito da kansu, ba tare da etar ba. Sai dai akwai farashi: mai auna abu mai wuce shi zai same shi ya gajarce ta fuskar tafiya, zai sami agogonsa yana jinkiri, abubuwa biyu da suka faru lokaci ɗaya a wurin wani ba lalle su zama lokaci ɗaya a wurin wani ba. Ya kuma nuna cewa abin da wani mazauni ya auna a matsayin fagen lantarki tsantsa, wani mazaunin zai auna shi lantarki gauraye da maganaɗisu. Yaron mota da na bakin hanya duk suna da gaskiya. A 1908 Hermann Minkowski, tsohon malaminsa na lissafi, ya rubuta fagagen biyu a matsayin abu guda mai sassa shida, uku muke kira lantarki, uku maganaɗisu.

Yanzu bari in nuna yadda abin ke aiki a cikin waya, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ku ɗauki hanyar Sakkwato zuwa Illela a matsayin wayar tagulla. Turakun da ke kafe a gefen hanya su ne ƙwayoyin tagulla masu cajin tarawa, ba su motsi. Jerin motocin da ke tafiya arewa su ne elektaron. Na tsaye a Araba ya ƙidaya, ya sami kowane turke da motarsa, tazara ɗaya. Saboda haka a wurinsa tarawa ta kashe ɗebewa, waya ba ta da caji, ba ta da fagen lantarki a waje, sai dai maganaɗisu saboda gudanar. Sai ga mai babur ɗauke da cajin ɗebewa yana tafiya a gefe, gudunsa daidai da na motocin. Na tsaye zai ga an ja mai babur zuwa hanya, ya ce wannan dokar Ampère ce, gudana biyu ta fuska ɗaya.

Mu hau babur. A nan cajin da ke hannunmu tsaye yake, maganaɗisu kuwa ba ya taɓa caji mai tsayuwa. Amma jan bai fasa ba, domin ba za a ce mutum ya faɗa kan kwalta a wurin wani, bai faɗa ba a wurin wani. Me ya ja shi? A wurin mai babur motoci ne ke tsaye, turaku ke gudu suna komawa kudu. Tazarar turaku ta gajarce tun da su ke motsi. Tazarar motoci kuwa ta fi yadda na Araba ya auna ta, domin shi a gajarce ya gan ta. Cikin kowace kilomita turaku sun fi motoci yawa. Waya ta zama mai cajin tarawa, ta ja cajin ɗebewa da jan lantarki na yau da kullum. Leigh Page na Jami'ar Yel ya bi irin wannan hanya a 1912, Edward Purcell kuma ya shigar da ita cikin littafin koyarwarsa na 1965, daga nan ta bazu a jami'o'i.

Mai hankali zai tsai da ni a nan. An ce gajarcewar nan ba ta bayyana sai gudu ya kusanci na haske. Shin elektaron cikin waya haka suke gudu? Ko kusa. A wayar tagulla mai kaurin milimita 1 murabba'i, ɗauke da amfiya 10, jerin elektaron ba ya cin milimita 1 a daƙiƙa. A sa'a guda bai kai mita 3 ba. Kunkuru ya fi shi sauri. Bambancin yawan turaku da motoci kuwa ya dogara ne ga wannan gudu in an raba shi da na haske aka ninka sakamakon da kansa, abin da ya ba da kusan kashi 6 cikin lamba 1 mai sifiri 24 a bayanta. To, yaya wannan ƙanƙanin abu zai juya fanka, ya tuƙa injin ban ruwa a fadamar albasa? Amsar tana cikin girman ƙarfin lantarki. A kowace mita ta wayar nan akwai elektaron masu yawo da cajinsu ya haura kulom 13,000. Kulom 1 da kulom 1, in akwai mita guda tsakaninsu, suna turin juna da ƙarfin da ya kai nauyin tan 900,000. Ba mu jin wannan ne don tarawa da ɗebewa sun kashe juna ƙurmus. Da babba ya kau, sai ɗan saura ya bayyana, wannan ɗan sauran shi muke kira maganaɗisu. Mutane sukan ce nazariyyar Einstein ta taurari ce da jiragen sama jannati. Alhali kowane mai gyaran fanka a kasuwar Illela da ita yake cin abinci.

Inda gudu ya yi yawa abin ya fi fitowa fili. Elektaron biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, a mazauninsu turin juna kawai suke yi. A wurin mai ɗakin bincike akwai turin lantarki, akwai kuma jan maganaɗisu da ke rage shi. In gudunsu ya kai kashi 99 cikin 100 na haske, jan yana cinye kashi 98 cikin 100 na turin, sai ya ga suna rabuwa sannu a hankali. Su kuwa ba su san da wani ja ba. Abin da ya daidaita lissafin biyu shi ne jinkirin agogonsu a idon mai ɗakin bincike. Masu gina injinan harba ƙwayoyi, irin na Janeba, da wannan suke aiki kullum.

Sai dai in ja kunne. Wasu daga jin wannan sukan ce ashe maganaɗisu ruɗin ido ne, lantarki ne kaɗai gaskiya. Wannan wuce gona da iri ne. Misalin da ya fi kusa shi ne na kasuwar kan iyaka: rago ɗaya, wannan ya yi masa kuɗi da naira, wancan da sefa, ba wanda zai ce sefa ƙarya ce. Har ma misalin ya gaza, don kowace sefa ana iya canja ta duka zuwa naira, amma ba kowane fagen maganaɗisu ake iya mayarwa lantarki tsantsa ba. Akwai ƙididdiga biyu da ake haɗawa daga fagagen, waɗanda ba su sakewa ko daga wane mazauni aka auna. In a wani wuri maganaɗisu ne ya rinjaya, kamar kusa da mayen ƙarfe ko kusa da wayarmu, to, ya rinjaya a wurin kowa. Ko mai babur ɗinmu bai rabu da maganaɗisu ba, turaku masu gudu sun samar da shi. Abin da ya faru shi ne bai da abin kamawa a jikin caji mai tsayuwa. Bugu da ƙari, maganaɗisun ƙarfe ya fi fitowa ne daga wata sifa ta elektaron kansa, wadda ba a gane ba sai a 1925.

Saura in dawo da maganar gida, domin wannan sauyin mazauni yana aiki a saman kawunanmu kowace rana. Akwai layin da ya zagaya duniya inda allurar da aka rataye ta tsakiya take kwanciya sak, ba ta dunƙura ƙasa ba ta ɗaga sama. Wannan layi bai bi tsakiyar duniya ta taswira ba. A yankinmu ya ratsa arewacin Nijeriya, Araba tana arewa da shi kaɗan. A tsayin kilomita 100 ko ɗan fiye, hasken rana yana ɓalle elektaron daga ƙwayoyin iska, zafinta kuma yana ta da iskoki masu tura wannan iska mai caji ta gitta layukan maganaɗisun duniya. A wurinmu na ƙasa, iska ce ke tafiya cikin maganaɗisu. A mazaunin iskar, fagen lantarki ne ya bayyana yana tura caji. Gammon Faraday ne, sai dai girmansa ya kai na nahiya. Balfour Stewart ya fara kawo wannan bayani a 1882. A bisa layin nan, saboda kwanciyar maganaɗisu, gudanar tana taruwa ta yi ƙarfi cikin wani ɗamara mai faɗin kusan kilomita 600, tana fuskantar gabas da rana, ta lafa da dare. An fara ganin alamarta a tashar awo ta Wankayo a ƙasar Peru, wadda aka buɗe a 1922, Sydney Chapman kuma ya sa mata suna a 1951, sunan da ke nufin kogin lantarki na tsakiyar duniya. Kamfas na aljihu ba zai nuna ta ba, domin ba ta juya allura; ƙara wa maganaɗisun da ke fuskantar arewa ƙarfi take yi wajen tsakar rana, ƙarin kuma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai na'ura mai rubuta awo dare da rana.

Irin wannan na'ura aka kafa a Kwalejin Jami'a ta Badun cikin shekarun 1950. Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi ne shehin malamin fiziks a can, tare da shi kuma akwai wani matashi, Cyril Onwumechili. A 1959 suka buga sakamakon awon sauye-sauyen maganaɗisun duniya a Badun. Onwumechili ya ci gaba da bin wannan kogi na sama, da awo daga kudu zuwa arewacin ƙasar nan, har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda duniya ke komawa gare su a wannan fanni. Ya shugabanci Jami'ar Ife daga 1979 zuwa 1982, ya kuma buga cikakken littafi a kan batun a 1997. Alexander kuwa arewa ya yo: shi ne shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962, a garin da ke ƙarƙashin ɗamarar da suka yi shekaru suna aunawa daga gefenta na kudu.